Direban Ikara a Motar da Babu Direba

Tun da na dawo daga ƙasar Sin ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin mai shayi na tasha sai a kewaye ni: "Garba, tsakaninka da Allah, ka shiga motar da babu direba?" Na ba da labarin nan a tasha, na ba da shi a ƙofar masallaci, na ba da shi wurin suna a Kurmin Kogi, har na fara jin wasu suna ba da shi a madadina da ƙarin gishiri, wai motar har sallama take amsawa. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya tiryan-tiryan, kowa ya huta.

Ni direba ne. Shekara talatin da ɗoriya ina jigilar fasinja tsakanin Ikara, Makarfi da Zariya, kafin nan kuma na yi shekara bakwai a garejin kanikanci. Dalilin tafiyata shi ne, manoman rake na Makarfi da Kudan sun haɗa ƙarfi za su sayo injin matse rake na zamani, don dawakin da ke juya musu injin mazarƙwaila ba sa iya cimma raken kafin ya bushe. Suka zaɓi shugabansu Alhaji Isyaku na Makarfi, da Malam Tukur na Kudan, alaramma ne kuma manomi, wanda kowa ya yarda da amanarsa. Da aka zo kan na uku sai Alhaji ya ce, "A nemo mana Garba. Shi in inji ya yi tari ya san abin da ya shaƙe shi." Haka kawai Allah ya ciyar da ni gaba.

Muka tashi daga Ikara da hantsi, muka ɗauki Alhaji a Makarfi, muka tarar da Malam a Tashar Yari da jakarsa da butarsa, muka miƙe Kano. Ranar ce na gane ni ba fasinjan kirki ba ne. Duk ramin da direban ya faɗa sai na ji shi a haƙorina, ƙafata kuwa tana ta taka birkin da babu. Sai da Malam Tukur ya ce, "Malam Garba, ka bar bawan Allah ya yi aikinsa, yau kai kaya ne."

Jirgi ya sauke mu a Habasha, muka yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura, sannan wani ya ɗauke mu zuwa birnin Guwanzu. A wurin masu binciken kaya aka fara wasan. Wani ɗan kare ya zo ya zauna a gaban jakar Malam ya ƙi tashi. Aka buɗe, sai ga kilishi ƙunshi uku da uwargidansa ta saka masa. Suka kwashe shi tas, Malam yana kallo yana "Innalillahi". Ni kuma aka zaro ƙullin mazarƙwailar da muka taho da ita don nuna wa masu inji irin abin da muke so. Jami'in ya juya ta, ya shinshina, ya dube ni da wani irin ido. Alhaji ya karɓa ya ɓantara ya jefa a baki, yana nuna masa cewa abin ci ne. Sai wata jami'a ta leƙo, ta fashe da dariya, ta yi magana a wayarta, wayar ta faɗa mana da Turanci cewa su ma suna da irinta, kakarta ma a ƙauye take dafawa. Aka mayar mana da kayanmu har da ɗaga hannu.

A waje muka sami Hajiya Balaraba tana jiranmu. 'Yar Zariya ce, ta daɗe a can tana fataucin kaya, Sinanci a bakinta kamar ruwa. Ita ce tafintarmu, ita ce idonmu. Ta durƙusa ta gaishe da Malam yadda ake yi a gida, mutane na wucewa suna kallonmu, don su gaisuwarsu ba ta wuce kalma biyu. Mu kuwa sai da aka tambayi gida, da iyali, da gajiya, da damina.

Masaukinmu yana hawa na goma sha tara, a gefen gari kusa da unguwar masana'antu. Kati ne mabuɗin ɗaki, kuma shi ne ke kawo wuta in an soka shi a bango. Ranar farko Malam ya zare shi ya sa a aljihu don kada ya ɓata, ya bar ni a bayi cikin duhu ina lalube. Abinci kuwa Hajiya ta kai mu wurin wasu Musulmin ƙasar masu fararen huluna, suna ja da taliya da hannu a gabanka su jefa a romon naman sa. Aka ba mu tsinke biyu mu ci da su. Alhaji ya yi ta fama, taliya na zillewa, ƙarshe ya wanke hannu ya ce shi da cokalin da Allah ya ba shi zai ci. Mai gidan abincin da ya ji Malam alaramma ne, ya ja kujera ya karanta masa sura, Malam ya gyara masa wuri ɗaya, suka rungumi juna. Ruwan zafi suke sha bayan abinci, ko ana rana. Kuɗi kuma ba ka ganinsa a hannun kowa, hatta mai sayar da dankali a bakin hanya waya ake nuna masa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, ka san mai sana'a, shi ne titi. Hanya ce a kan hanya, wata a kan wata, amma duk da haka da safe da yamma sai ka ga motoci sun yi cirko-cirko, kowace da mutum ɗaya a ciki. A irin wannan cunkoson ne, muna cikin tasi, Hajiya ta taɓa ni ta ce, "Baba Garba, dubi ta kusa da kai."

Na duba. Farar mota ce da wani abu kamar tukunya a kanta. Mace ɗaya a baya tana danna waya. Gaba kuwa babu kowa, sitiyari na juya kansa. Na yi salati da ƙarfi har mai tasinmu ya waiwayo. Da Hajiya ta gaya masa ni ma direba ne, sai ya saki baki yana magana yana dukan sitiyari. Hajiya ta fassara: "Ya ce waccan ba ta cin abinci, ba ta barci, ba ta da 'ya'ya a makaranta. Ya ce yaya za a yi ya yi gasa da ita?" Na miƙa masa hannu muka gaisa. Ban san yarensa ba, amma na san ciwonsa.

Na ce, "Ni Garba, in shiga motar da babu kowa a sitiyari? Allah ya kiyaye."

Malam Tukur ya ce, "Jirgin da ya kawo mu, ka ga fuskar direbansa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai na san yana ciki. Kuma in zai faɗi tare za mu faɗi."

Hajiya ta yi dariya. Ta ce motocin nan iri biyu ne, kuma ba ko'ina suke zuwa ba, sai unguwannin da aka yarje musu. Akwai ƙarama da mutum ke ɗauka shi kaɗai, akwai kuma 'yar bas da ke haɗa waɗanda hanyarsu ta zo ɗaya. Ta ce, "Ƙaramar nan ba ta rage cunkoso da komai, Baba. Wani lokaci ma da babu kowa a ciki take yawo tana neman na gaba. Bas ɗin ce mai amfani. Mutum shida da za su fito da mota shida sai su shiga ɗaya, kuma ba ta kwana a bakin titi tana tare hanya. Ni tun da ta zo unguwarmu na sayar da motata, na huta da neman wurin ajiyewa." Na ji ta ne kawai, raina bai kwanta ba.

Kwana huɗu muna zagaya masana'antu. A ƙarshe muka tsaya a kan wani inji mai amfani da man gas, don kowa ya san halin wutar lantarki a ƙauyukanmu. Na kunna shi, na kasa kunne, na ce wannan ne. Aka yi yarjejeniya cewa ranar Laraba da ƙarfe biyu za a rufe shi a akwatin katako a wuce da shi bakin teku, kuma sai ɗayanmu ya gani da idonsa kafin a buga ƙusa.

Ranar Laraba komai ya haɗu. Alhaji da Hajiya suka tafi ofishin masu jigilar kaya a wani ɓangaren gari. Malam Tukur ya tashi da ciwon ciki yana kwance. Ni aka bari, direban masana'antar zai zo ya ɗauke ni da sha biyu. Sai ruwa ya tsuge. Sha biyu ta wuce, da rabi ta wuce, shiru. Wayata ta yi ƙara, Hajiya ce.

"Baba Garba, direbansu ya maƙale a kan gada, an yi haɗari a gabansa. Tasi kuma saboda ruwan nan duk a cike suke. Na kira maka 'yar bas ɗin nan, za ta tsaya a ƙofar masauki. Lambarta na turo maka, da hoton da za ka nuna a ƙofarta."

Na ce, "Wace bas? Hajiya, ki ji tsoron Allah."

Ta ce, "Baba, in ba ka je ba rufewa za su yi, don motar bakin teku ba ta jira. Abin da suka saka a ciki shi za a buɗe a Makarfi bayan wata biyu."

Na tuna fuskokin mutanen da suka rako mu Tashar Yari, wasu har awaki suka sayar don injin nan. Na leƙa ɗakin Malam na ce ya sa ni a addu'a. Ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Je ka. Wanda ya hore raƙumi shi ya hore ta."

Ta zo daidai lokacin da aka ce. Gajera ce, gaba da baya kusan iri ɗaya, ko kujerar direba babu. Na nuna hoton da Hajiya ta turo, ƙofa ta buɗe. Na shiga da ƙafar dama, na karanta addu'ar hawa abin hawa sau uku, na riƙe ƙarfe da hannu biyu. Mutum biyu na tarar: wata budurwa da jakar ofis, da wani dattijo da bokitin kifi a tsakanin ƙafafunsa. Ko a jikinsu.

Da tsoro ya ɗan lafa sai na fara kallonta da idon sana'a. Gaskiya ɗaya ce, ta iya tuƙi. Tana barin tazara tsakaninta da na gaba, tana ba da sigina tun da nisa, ba ta fizga, ba ta taka birki da mugunta. In wani ya kutso mata ba ta zagi, sai ta lafa ta bar shi. Na ce a raina, wannan da a hanyar Zariya ne sai ta kwana ba ta wuce Hunƙuyi ba. Muka ratse wani layi ta tsaya, sai ga wata tsohuwa makauniya da farar sanda, ita kaɗai, babu ɗan jagora. Wayarta na yi mata magana, motar ma ta yi wani sauti, ta bi sautin ta shigo ta zauna kusa da ni. Budurwar tana jin Turanci, ni kuma ina da irin na tasha. Ta ce tsohuwar asibiti za ta, kuma duk mako haka take zuwa. Na daɗe ina kallon matar nan.

Saura kaɗan mu isa muka shiga wata siririyar hanya ta bayan kasuwa. Nan wani keke mai ƙafa uku, maƙare da kwandunan lemo, ya zame a ruwa ya kife a tsakiyar titi. Masu zuwa daga can suka shigo hannunmu don su kauce, na bayanmu suka matso, hanya ta kulle. Motarmu ta tsaya cak. Na waiwaya, ga wasu 'yan uwanta biyu a baya, su ma sun ƙame kamar an dasa su. Hon ta ko'ina. Wata murya ta fito daga rufin motar, budurwar ta ce mutumin da ke lura da su daga ofis ne, ya ce a yi haƙuri, yana neman mafita. Na dubi agogo, ɗaya da minti ashirin da biyar.

Na yi minti biyar ina haƙuri. Amma ni ina ganin mafitar da idona. In an ɗaga keken, aka mayar da wata jar mota baya taku goma, komai zai warware. Irin wannan kullin duk ranar kasuwar Makarfi sai mun kwance shi kafin mu karya kumallo. Na ce wa budurwar ta roƙi na ofis ya buɗe mini ƙofa. Ya yi gardama kaɗan, ya buɗe.

Na tattare jamfata na ɗaure a ƙugu, na faɗa cikin ruwa. Mai keken na tsaye yana riƙe da kai. Na kama gefe ɗaya na daka masa tsawa, "Kama mana!" Sai ga dattijo mai kifi ya biyo ni, wasu biyu suka fito daga shago, muka ce "Ya Allah" muka tayar da keken. Muka ture kwanduna gefe. Sannan na shiga tsakiyar titi na ɗaga hannu. Da Hausa na yi ta yi: "Kai, tsaya nan! Ja da baya! Zo, zo, zo, yanke duka! Ya isa!" Mai jar motar ya zaro ido, amma ya bi. Ashe yaren hannu ɗaya ne a duk duniya. Ɗaya bayan ɗaya suka koma hannunsu, hon ya yi shiru, hanya ta buɗe fes.

Sai na juyo ga motarmu, na tsaya a gabanta ina yafito ta, "Taho mana! Taho!" Ko motsi. Na ƙara yafito ta da hannu biyu. Mutanen ciki suna ta dariya suna yi mini nuni. Ashe ni ne na tare ta, ba ta tafiya in akwai ɗan Adam a gabanta. Na koma ciki sharkaf, ƙofa ta rufe, ta ja a hankali, sauran biyun suka biyo mu.

Muryar nan ta sake magana. Budurwar ta ce, "Yana godiya. Yana tambaya ko kai ɗan sandan hanya ne a ƙasarku."

Na ce, "Ki gaya masa direba ne, daga Ikara."

Ta faɗa. Ya yi dariya, ya ce shi ma tasi ya daɗe yana ja kafin ya koma wannan aikin, kuma da ya ga yadda nake juya hannu ya san ɗan sana'a ne. Tsohuwar ta laluba jakarta ta ciro ƙaramin tawul ta ɗora mini a gwiwa, tana faɗin wata magana mai taushi. Ban nemi fassara ba.

Biyu saura minti goma na shiga masana'antar ina ɗigar ruwa. Har sun ɗora murfi, mai guduma na tsaye. Na ce a ɗaga. Kallo ɗaya na yi na ce a'a. Fentin iri ɗaya ne, girman ɗaya ne, amma wannan mai amfani da lantarki ne, ga wayarsa nan a naɗe. Na kira Hajiya na miƙa wa manajan. Aka duba takardu, ashe magatakarda ne ya musanya namu da na wani mai saye. Manajan ya yi ta sunkuyawa yana ba da haƙuri. Aka turo namu, na sa aka zuba mai, na kunna shi da hannuna, na saurare shi har ya yi zafi, sannan na ce a rufe. Ƙusa ta ƙarshe ni na buga ta. Da Alhaji ya ji abin da ya faru, ya ce, "Garba, yau ka fitar da mu kunya." Malam kuwa ranar ciwon cikinsa ya warke.

Injin nan yanzu yana aiki a Makarfi, mutanen Kudan na kawo rakensu, wanda ya bi ta wurin zai ji ƙamshi tun daga titi.

Masu tambayata ko motar nan za ta zo ta raba mu da abincinmu, ga amsata. Ranar da aka cike ramukan hanyar Janfalan, aka koya wa awaki da 'yan acaɓa bin hannu, to mu fara tunani. Amma kada mu yi dariya da yawa, don akwai abin da ta fi mu. Ita ke zuwa wurin mutum. Mu kuwa mukan jera motoci a tasha tun safe muna jiran su cika, mun tare rabin titi, alhali masu son tafiyar suna can ƙauye babu abin da zai fito da su.

Da na dawo na kai maganar nan ga shugaban tasharmu. Ya ce, "Garba, ka je Sin ka dawo za ka rusa mana layi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, mota huɗu kawai za ka ba ni, ranar Litinin da Alhamis, wata ɗaya. In ba ta yi ba, in koma bayan layi." Ya yarda da ƙyar. Muka ba da lambar waya a masallatai da wuraren awo. Mai son zuwa asibiti ko kasuwa ya kira tun jajibiri, da yamma mu zauna mu raba su hanya-hanya: 'yan Janfalan mota ɗaya, 'yan Kurmin Kogi ɗaya, 'yan Furana ɗaya. Makon farko mutum uku suka kira. A mako na huɗu sai da muka ƙara mota biyu, shugaban da kansa ya sa tasa.

Litinin ɗin da ta wuce na tsaya a ƙofar wani gida a Furana. Aka fito da wata tsohuwa, Iya Mairo, wadda ciwon gwiwa ya hana ta hawa babur, ta ce rabonta da asibitin Ikara tun kafin azumin bara. Na sauko na kama hannunta, na ɗora ta a kujerar gaba, na gyara mata zane kada ƙofa ta kama.

Ta ce, "Kai ne aka ce ka je ƙasar da mota ke tuƙa kanta?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

"Tana zuwa har ƙofar gida kamar haka?"

"Har ƙofar gida."

Ta ce, "To in tsohuwa ta kasa ɗaga ƙafa, wa ke kama ta?"

Na ce, "Babu kowa, Iya."

Ta gyara zama, ta dafa kafaɗata, ta ce, "To su riƙe tasu. Ja mu je, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka."